In gaban mutum ya faɗi, mene ne ainihin abin da yake faɗuwa?

Malamin Ringim ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni malamin bayoloji ne a wata sakandare ta je-ka-ka-dawo da ke wani ƙauye a yankin Ringim, jihar Jigawa. Littattafanmu da Turanci suke, jarrabawa ma da Turanci ake yi, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo a karkara ya san cewa in ba a juya darasi zuwa Hausa ba, yara haddar kalmomi kawai za su yi, su zube su a takarda, su tashi ba su san abin da suka rubuta ba.

A makon jiya wani ɗalibina ya ba mu labari a aji cewa ya je gona kwasar harawa, yana ɗaga wani tari sai ga kasa a naɗe a ƙarƙashinsa. Ya ce bai san lokacin da ya yi jifa da harawar ya tsallake kunya uku ba, kuma bayan ya tsaya bakinsa ya bushe ƙayau, gwiwoyinsa na rawa, zuciyarsa kamar za ta fasa ƙirji. Daga nan sai ya jefo mini tambaya: "Malam, mukan ce gabana ya faɗi. Mene ne yake faɗuwa, kuma ina yake faɗawa?" Ajin ya yi dariya, ni ma na yi murmushi, amma da na buɗe baki zan amsa sai na ga kalmomina sun yi mini kaɗan. Na ce jijiya ce ta kai saƙo, sai wata yarinya ta ce ai jijiya jini take ɗauka, tun da a nan ake yi wa mahaifiyarta ƙarin ruwa. Na ce wani sinadari ne ya zuba a jini, sai wani ya tambaya ko irin sinadarin ɗanɗanon miya ne. Na ce tsoro a ƙwaƙwalwa yake, sai kusan dukansu suka ce a zuciya yake.

Abin da nake nema a wurin masana shi ne a bayyana mini, cikin Hausar da ɗan aji biyar zai gane, abin da ke faruwa a jiki lokacin faɗuwar gaba, a kuma nuna mini iyakar da ke tsakanin ilimin halayyar ɗan Adam, da ilimin sinadaran jiki, da ilimin aikin gaɓoɓi, domin a littafi an raba su gida uku amma a jikin wannan yaro na ga kamar a tare suka zo.

Tsohon Jami'in Lafiya, Gaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam, sannu da ƙoƙari. Na yi shekaru ina aiki a ƙananan asibitocin karkara kafin in ajiye aiki, kuma irin wannan matsala ta kalmomi ita ce ta fi ba ni wahala da marasa lafiya. Bari in bi abin da ya sami ɗalibinka daki-daki.

Idonsa ya ɗauki siffar macijin ya aika wa ƙwaƙwalwa. A can ciki, gefen dama da gefen hagu, akwai wasu ƙananan dunƙule biyu da girmansu bai wuce na ƙwayar gyaɗa ba, ana kiran su amigdala, kuma aikinsu kamar na maigadi ne wanda yake buga kuge tun kafin ya tabbatar ko ɓarawo ne ko baƙo. Wannan ne dalilin da yaron ya ce bai san lokacin da ya tsallake kunyoyin ba: ƙafarsa ta riga tunaninsa. Daga ƙwaƙwalwa saƙo ya sauka ta cikin lakar gadon baya, wani ya wuce kai tsaye zuwa zuciya ya ce mata ta ƙara sauri, wani kuma ya je wurin wasu ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda, kowanne nauyinsa kimanin giram 4 zuwa 5. Su ne suke zuba wani sinadari mai suna adirenalin a cikin jini. Wani masani ɗan Japan mai suna Jokichi Takamine ne ya tace wannan abu a 1901, sannan Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana a 1915 cewa duk wannan shiri ne na jiki domin ɗayan biyu, ko a tsaya a gwabza ko a ranta a na kare.

Zuciyar baligi da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, amma a irin wannan hali takan zarce haka nesa ba kusa ba. Hanyoyin iska na huhu suna buɗewa, ƙwayar ido tana faɗaɗa, hanta tana sakin sukarin da ta ajiye, yawu yana ɗaukewa. Abin da ya fi shafar tambayar yaron kuwa shi ne wannan: hanyoyin jinin da ke ciyar da tumbi da hanji suna tsukewa domin a karkatar da jinin zuwa tsokar hannu da ƙafa, narkar da abinci kuma ta dakata. Wannan sauyi na farat ɗaya a ciki, haɗe da bugun farko mai ƙarfi a ƙirji, shi ne mutum yake ji kamar wani abu ya tsinke ya zube. Ka gaya masa babu gaɓar da ta bar mazauninta. Jini ne ya sauya hanya. Rawar gwiwa kuma ragowar shirin ne da ba a yi amfani da shi duka ba, kuma takan lafa bayan 'yan mintoci domin adirenalin ba ya daɗewa a jini.

Game da jijiya, yarinyar da ta ƙalubalance ka tana da gaskiya, kai ma kana da ita. Hausa ta ɗora wa kalma ɗaya kaya uku. Akwai wadda jini yake gudana a cikinta, akwai farin zare mai ɗaukar saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki, akwai kuma mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan dunduniya. Ni a bakin aiki ban taɓa barin kalmar ta tsaya ita kaɗai ba. Nakan ce jijiyar jini, ko jijiyar saƙo, ko jijiyar ƙashi. Sau da yawa dattijo yakan zo ya ce jijiya ce take damunsa, sai an yi ta tambaya kafin a gane ko hawan jini yake nufi, ko shanyewar ɓarin jiki, ko kuwa targaɗe ya yi a gona.

Shawarata ita ce ran kasuwa ka roƙi Sarkin Fawa ya bar ka ka zo da yaran mahauta da sassafe. A nuna musu huhu da hanta da saifa da matsarmama, a yanka zuciyar rago su ga ɗakunanta huɗu, a tona kitsen da ke kusa da ƙoda su ga ƙaramin ƙullutun da nake magana a kansa. Duk wannan bayani da na yi, na yadda gaɓa take aiki da yadda take amsa wa 'yar'uwarta, shi ne fannin da littafinku yake kira fiziyoloji.

Malamar Kimiyya, Bichi ta rubuta:

Baba na Gaya, Allah ya ƙara lafiya, ka sauƙaƙa mana aiki. Ni ilimin sinadaran jiki na karanta a Jami'ar Bayero, yanzu kuma ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a yankinmu, saboda haka zan tsaya a kan kalmar sinadari, wadda a ganina ta fi jijiya ɓatar da yara. Mun mayar da ita buhun da ake zuba komai: adirenalin sinadari, insulin sinadari, abin da ke narkar da abinci sinadari, takin zamani ma sinadari. Aƙalla abu biyu ya kamata ɗalibi ya bambance, wato homon da enzayim, kuma ni na fi son a bar musu sunayensu da rubutun Hausa, a ba kowanne kwatancen da zai zauna a kai.

Homon ɗan aike ne. Ana yin sa a wuri ɗaya, a zuba shi a jini, ya je ya ba da umarni a wani wuri mai nisa. Ernest Starling ne ya fara amfani da kalmar a Landan a 1905. Enzayim kuwa ma'aikaci ne, aikinsa hanzarta juya wani abu ya zama wani, kuma shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin.

Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a ga enzayim yana aiki, domin duk macen da ta iya kunun zaƙi tana sarrafa shi. Mahaifiyata takan jiƙa gero ta kai niƙa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa ya yi kauri kamar koko. Ba ta zuba ragowar ɗanyen ƙullun da aka niƙa da busasshen dankali nan take, sai ta jira ya sha iska. In ta zuba ta juya, a gaban idonka kaurin zai fara saki, kafin gari ya waye ya tsinke ya yi zaƙi tun ba a sa masa sukari ba. Abin da ya faru shi ne dankali yana ɗauke da enzayim mai suna amiles, wanda yake daddatsa dogayen sarƙoƙin sitaci su koma sukari. Jiran da take yi kuwa dalilinsa shi ne zafi mai tsanani yana lalata enzayim. Ita ba ta san sunan ba, amma ta san in aka yi gaggawa kunun ba zai tsinke ba. Irin wannan amiles ɗin yana cikin yawun ɗan Adam, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa ba ka haɗiye ba za ka ji ta soma zaƙi.

Malam na Ringim, ga gwajin da ba zai ci maka kuɗi ba. Ka tsinka koko da ruwa sosai ka zuba a kofi biyu, ɗaya a tofa masa yawu a ajiye shi a wuri mai ɗumi na ɗan lokaci, sannan ka ɗiga aidin a kowanne. Wanda ba a taɓa ba zai koma shuɗi mai duhu saboda sitaci yana nan, ɗayan kuwa launin zai yi rauni ko ya ƙi fitowa.

Akwai kuskure guda da nake ji har a shirye-shiryen lafiya, inda ake cewa saifa ce take yin insulin. Ba ita ba ce. Saifa tana gefen hagu a ƙarƙashin haƙarƙari, tana tace jini tana kawar da tsofaffin jajayen ƙwayoyi, kuma ita ce take kumbura wa yaran da zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kamawa. Mai yin insulin wata gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, likitoci suna kiran ta fankiriyas. Ina son ta wajen koyarwa domin tana yin aikin biyu a lokaci guda: tana zuba enzayim a cikin hanji don narkar da abinci, tana kuma zuba homon a cikin jini. Insulin shi ne yake ba tsoka izinin karɓar sukari daga jini, ya kuma umarci hanta ta adana ragowar. Frederick Banting da Charles Best ne suka fitar da shi a Toronto ta Kanada a 1921, aka fara yi wa mara lafiya allurarsa a 1922. Idan ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin umarninsa, sukari sai ya taru a jini, kuma in awon safe kafin karin kumallo ya kai miligiram 126 a kowace desilita ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, aka maimaita aka sake samun haka, shi ne ake cewa ciwon suga. Sukarin da Baba ya ce hanta ta saki wa ɗalibinka a gona daga wancan ragowar da ta adana ya fito, kuma daga nan ne mai azumi yake ci har faɗuwar rana.

Alaramma na Ɗambatta ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ba likita ba ne, almajiri ne, amma jikana ya karanta mini wannan tattaunawa kuma akwai wurin da ban gamsu ba. Malam na Ringim ya kawo maganar yaran da suka ce tsoro a zuciya yake kamar wani kuskure ne da za a gyara. Ina roƙonka, ɗana, kada ka gaya musu iyayensu sun yi kuskure.

Bahaushe ya san tsokar da ke bugawa a ƙirji, tun da yana yanka dabba yana ganin ta. Amma in ya ce wane yana da farar zuciya, ko zuciya ta ɗebe shi, ko ya yi zuciya ya bar gida, ba tsoka yake nufi ba, kuma kowa ya san haka. Muna da zuciya, muna da rai, muna da hankali, kowanne da wurin da yake shiga. Ana cewa rai ya ɓaci, hankali ya tashi, zuciya ta karaya, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Larabci ma haka ya yi da ƙalbu da nafsu da aƙalu, hadisin nan sananne kuma ya ambaci tsoka guda a jiki wadda gyaruwarta gyaruwar jiki ne duka. Abin da ya dace shi ne a ce wa yaro kalmar tana da fuska biyu, a aji ana magana a kan ɗaya.

Kuma tun da na ga ana ta ambaton Turawa, ya kamata yaran su ji cewa Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana yadda jini yake fita daga ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu ya dawo ɓangaren hagu, ƙarnoni kafin William Harvey na Ingila ya wallafa bayanin zagayen jini a 1628. Abu Zaid Albalkhi kuma, wanda ya rasu a 934, ya yi littafi a kan maslahar jiki da ta rai, inda ya yi magana a kan fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, har ya bambanta baƙin cikin da aka san sababinsa da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba.

Ɗalibar Jahun ta rubuta:

Allah ya gafarta Malam, maganarka ta yi daidai da wata muhawara da aka koya mana a makarantar koyon aikin lafiya. A 1884 William James na Amurka ya ce jiki ne yake fara motsawa, sannan mutum ya ji motsin ya kira shi tsoro, wato ba don ka ji tsoro zuciyarka take bugawa ba, jin bugun shi ne tsoron. Cannon ɗin da Baba na Gaya ya ambata ya musanta haka a 1927, yana cewa zuciya takan yi sauri a fushi da zazzaɓi da gudu ma, don haka bugu kaɗai ba zai gaya maka wane hali kake ciki ba. Abin da aka fi tsayawa a kai yanzu shi ne ƙwaƙwalwa tana aika wa jiki, jiki kuma yana mayar mata da labari. Wanda ya ce a ƙirji yake jin tsoro bai faɗi ƙarya ba.

Ilimin halayyar ɗan Adam, wanda ake ƙirga farkonsa a matsayin fannin gwaji daga ɗakin binciken da Wilhelm Wundt ya buɗe a Jamus a 1879, yana tambayar abin da mutum ya ji, ya tuna, ya koya, ya aikata. Malam na Ringim, ka lura da ɗalibin nan a makonni masu zuwa. Mai yiwuwa ne ya ga igiyar ɗaure akuya a ƙasa gabansa ya sake faɗuwa, kamar yadda Hausawa suka ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wannan shi ne abin da Ivan Pavlov na Rasha ya nuna da karnuka, waɗanda suka koyi zubar da yawu da jin wani sauti saboda an saba haɗa musu shi da abinci. Adirenalin ɗin iri ɗaya ne da na ranar farko, abin da ya sauya shi ne abin da ƙwaƙwalwa ta koya.

A nan Hausa ba ta da ƙarancin kalma ko kaɗan, mu ne muke cakuɗa su. Razana ta nan take ce. Tsoro yana da abin da ake tsoro a gaba. Fargaba da zullumi na abin da bai zo ba ne tukuna. In fargaba ta zauna wa mutum wata da watanni, wani homon mai suna kotizol, wanda shi ma daga ƙullutun saman ƙoda yake fitowa, yakan daɗe yana aiki fiye da kima, barci ya lalace, cin abinci ya sauya. A lokacin da muka je koyon aiki a wani asibitin ƙauye na ga mata da yawa suna zuwa da ƙorafin faɗuwar gaba kullum ba dalili. Wata ƙarancin jini ne, wata maƙoko ne ya sa homon ɗin wuya ya yi yawa, wata kuwa awo duka ya fito lafiya, sai da aka zauna da ita aka gane damuwa ce ta yi mata katutu. Irin wannan ta ƙarshe ciwo ne da ake yi wa magani, kuma akwai asibitin Dawanau a Kano da na Kazaure a Jigawa, amma da yawa suna ƙin zuwa saboda kalma ɗaya tak da muke da ita a baki, wato taɓin hankali, wadda take sa mai fama da fargaba ya ga kamar an haɗa shi da mai yawo a bola.

Malamin Ringim ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Alaramma, na karɓi gyara, kuma jiya na rubuta zuciya sau biyu a allo, na ce yara su kawo jimlolin da suka dace da kowace. Wadda ba tsoka ba ita ce ta cika allon har ta sauko ƙasa.

Malama ta Bichi, mun yi gwajin koko da aidin ɗin da na samo a ɗakin shan magani na garinmu. Karon farko bai yi ba domin kokon ya yi kauri, sai da muka ƙara ruwa muka ajiye kofin a cikin kwanon ruwan ɗumi. Da launin ya ƙi fitowa a kofin da aka tofa wa yawu, sai yarinyar nan mai maganar ƙarin ruwa ta tambaya me zai faru in aka tafasa yawun tukuna. Mun ajiye wannan zuwa Litinin. Sarkin Fawa kuma ya amince mu zo ran kasuwa, da sharaɗin mu iso kafin a fara fiɗa.

Baba na Gaya, mai labarin kasa ya dawo da wata tambayar. Ya ce in adirenalin yana busar da baki, me ya sa tafin hannunsa ya jiƙe da gumi a lokaci guda, alhali da safe ne kuma ana sanyi?